Kwana Shidan Rufa'i Mai Albasa a Kumasi

Rufa'i Mai Albasa mutumin Kebbe ne, amma a Tambuwal aka san shi. Mahaifinsa manomi ne mai 'yan shanu, kuma babban ɗansa Na'iya ne ya gaje shi a gona. Rufa'i kuwa tun yana saurayi ya bi wata motar kaya zuwa Tambuwal da sunan zai kwana biyu, bai sake komawa da zama ba. Ya yi dako, ya yi ɗinkin buhu, har ya kai in ya matsa wuyan albasa da babban yatsa ya san wadda za ta jure hanya da wadda za ta ruɓe tun ba a je ko'ina ba. Da ya yi ƙarfi sai manoman Jabo da Dogon Daji suka fara ba shi amanar kayansu, yana haɗawa da nasa ya kai Ikko. Daga baya ya gano hanyar Gana, ya riƙe ta shekara goma sha tara.

Matarsa Nasiha 'yar Sanyinna ce. Man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli, duk unguwar a wurinta ake saye. Shekara talatin da ɗaya suna tare, kuma ba masu yawan magana ba ne su biyun. In zai yi tafiya ta ƙulle masa ƙuli da garin yaji a leda, ta raka shi bakin zaure, ta juya tun bai sha kwana ba.

Abin da ya fi gundurarsa a tafiyar nan shi ne waya. Ƙasa uku yake ratsawa, Binin da Togo da Gana, kowace da layinta. Yana da wani ɗan gwangwanin man shafawa cike da layuka, rabinsu sun mutu bai san wane ne ba. Duk iyakar da ya isa sai ya tsaya yana tsokalar waya da tsinke, ko ya bi layin rajista a rana, direba na danna masa oda.

Bara da rani ɗansa Bilyaminu, wanda ke aiki a Abuja, ya aiko masa da babbar waya. Ana gobe zai tashi zuwa Gana, 'yarsa Ruwaida, malamar lissafi a makarantar 'yan mata, ta biyo daga wurin aiki ta zauna kusa da shi a tabarma. Ta haska wayar a kan wani zane mai baƙaƙen ɗigo-ɗigo da ke cikin tata wayar, ta ɗan danne-danne, ta miƙa masa.

"Shi ke nan, Baba. I-sim aka ce mishi. Duk ƙasar da ka shiga shi ka kamawa da kainai."

Ya juya wayar gaba da baya. "To ina katin?"

"Babu kati. Cikin wayar shike."

"Abin da ban gani ba, ƙaƙa nika sanin shina nan?"

"In ka ga saƙo na shigowa, to shina nan. Amma data ce kaɗai, ba shi da lamba. Ba mai kiranka sai ta watsap. Layinka na gida ka bar min shi, in manoma sun kira in amsa musu."

Nasiha tana bakin murhu tana jin su. Ba ta juyo ba ta ce, "Malam, in ka samu kaskon suya irin mai faɗin nan na can, ka riƙo min. Wanga ya fara ɗiga."

Abin ya yi aiki yadda aka faɗa. Suna tsallaka iyakar Binin wayar ta yi shiru na ɗan lokaci, sai saƙonni suka fara faɗowa. Haka a Togo, haka a Gana. Kullum bayan la'asar sai ya kira Ruwaida, ita kuma ta taka zuwa gidan ta miƙa wa uwarta. Nasiha kunyar hoton take ji, sai ta ja mayafi ta kawar da fuska gefe, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci, ta ce to madalla, ta mayar da wayar. Kwana huɗu suka yi a hanya suka shiga Kumasi ranar Litinin.

Washegari Talata, bayan azahar, yana zaune kan buhu a kasuwa, wata 'yar kasuwa Ba'asantiya tana tsaye a kansa suna ciniki ta bakin tafinta. Wayar ta yi ƙara a aljihu. Zauren watsap na 'yan albasar Tambuwal ne, inda ake ta cacar baki kan kasuwa da hanya tun safe har yamma. Shi karatun boko bai dame shi ba, saƙon murya yake saurare. Ya ga na wani manomi, Malami na Dogon Daji, ya danna, ya kara a kunne.

"Salamu alaikum jama'a. Yanzu munka dawo daga jana'izar iyalin Alhaji Rufa'i. Allah shi jiƙanta, shi ba shi haƙuri in ya dawo."

Ya sauke wayar ya dube ta. Ya kai yatsa zai sake dannawa, sai ya ga wurin ya koma fari da ɗan rubutu siriri. Ya nuna wa tafinta, tafinta ya ce an rubuta cewa an goge saƙon. Daga nan zauren ya yi tsit, mutum sittin da wani abu, babu wanda ya sake cewa uffan.

Leɓɓansa suka yi inna lillahi da kansu. Ya yi ƙoƙarin tuno wani Alhaji Rufa'in da ke harkar albasa a yankin, babu. Ya zauna yana jiran abin da zai taso masa a ƙirji, kamar yadda ya taso ranar da mahaifiyarsa ta rasu har sai da aka riƙe shi. Babu abin da ya taso. Yana jin warin albasa, yana jin zufa na bin bayansa. Matar nan tana nan tsaye ta riƙe ƙugu. Tafinta ya ce tana tambaya ko a kwance bakin buhu na uku ta gani. Ya ce a kwance.

Da la'asar ya kira kamar kullum. Kiran hoto bai shiga ba, aka katse. Can sai Ruwaida ta kira da murya kaɗai.

"Baba, sabis ɗin ne yau ba kyau. Ya kasuwa?"

"Da godiya. Ina innarku?"

A bayanta yana jin hayaniyar mata da yawa, da ƙarar kwanoni, irin wadda gidansa bai saba yi ranar Talata ba.

"Ta samu barci, Baba. Jikin ne ya ɗan motsa."

Nan ya gane yadda aka yi. Wannan aikin Na'iya ne. Shi ne babba, shi zai ce mutum na ƙasar wasu, ga hawan jini, ga hanya ta kwana huɗu, kuma an riga an rufe ta, a bar shi ya dawo a gaya masa a zaune. Da wani ne a matsayinsa shi ma abin da zai ce ke nan. Ya ji numfashin yarinyar a kunnensa. In ya ce ya sani za ta fashe da kuka, shi kuma ba shi da abin da zai ce mata daga nan.

"To a bar ta ta huta," ya ce. "Ki gaishe ta in ta tashi."

"Za ta ji, Baba."

Haka suka yi kwana biyar. Kullum bayan la'asar ya kira, kullum akwai dalili. Yau ta shiga wanka, gobe an ba ta magani ta kwanta, jibi tana salla. Shi kuma ya ce to, a gaishe ta. Ranar Alhamis Na'iya ya karɓi wayar da kansa, mutumin da ba ya barin Kebbe sai da babban dalili.

"Rufa'i, ƙaƙa aiki? Na shigo Tambuwal ganin likitan shanu ne, na ce bari in leƙo. In ka ƙare ka taho kai tsaye, kar ka tsaya sayen goro bana."

"To, Yaya."

Bai gaya wa kowa a Kumasi ba, har mai masaukinsa, wani dattijon Zango, unguwar Hausawa, da suka shekara goma sha tara suna cin abinci a kwano ɗaya. Zai iya barin kayan a hannunsa ya kama hanya, ya san haka. Amma bai ga abin da zai je ya tarar ba wanda ba zai jira shi ba, albasa kuwa ba ta jira, kuma rabinta ta mutane ce. Ya ci gaba da fitowa da sassafe, ya tsaya a kan 'yan dako, ya ware mai laushi gefe. Yana salla a kan lokaci, yana yi mata addu'a bayan kowace, kalmomin suna fita daidai kamar yana karanta wa wani. Da rana ya kwance ledar ƙulin ya ci da yaji. Ya lura gishirin ya ɗan yi yawa a wannan karon. Ya cinye.

Ranar Asabar kaya suka ƙare. Ya wanke hannu, ya samu kansa yana tafiya layin masu tukwane. Mai kaskon ya tambaye shi wane girma. Ya ware hannuwansa daidai faɗin murhunta, aka zaɓo masa, ya ƙwanƙwasa gindin da yatsa ya ji kaurinsa, aka ɗaure masa da igiya. Sai da ya fito titi riƙe da shi ya tsaya ya dube shi. Bai mayar ba.

Lahadi ya hau motar fasinja. Kaskon bai shiga but ɗin motar ba, a kan cinyarsa ya yi tafiyar. A wani gari cikin Togo aka tsaya gyaran taya, ya zauna a inuwa yana bin tsofaffin saƙonni da yatsa, sai ya ci karo da na Nasiha guda ɗaya, tun ranar da Ruwaida ke koya mata tura saƙon murya. Daƙiƙa tara ne. "Malam, ga ni. Ruwaida, shina ji? To. To shi ke nan." Ya saurara sau ɗaya ya mayar da wayar aljihu. Aka ce a shiga mota, ya shiga.

Ya sauka tashar Tambuwal da hantsin Laraba. Na'iya na tsaye da sandarsa, Bilyaminu na gefensa ya sunkuyar da kai. Ba su ce komai ba sai sannu da hanya, har suka isa zaure aka shimfiɗa tabarma aka kawo ruwa. Na'iya ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya fara da cewa duk mai rai baƙo ne a duniya.

"Yaya, na sani," Rufa'i ya ce. "Tun ranar Talatar."

Daga bayan labulen ƙofar cikin gida aka ji wani abu ya faɗi, sai ga Ruwaida ta fito ba ko takalmi. Ta rame, idanunta sun kumbura.

"Ka sani? Baba, ka sani ka bar ni? Kullum sai na yi amai kafin in ɗauki wayarka. Kullum ina neman ƙaryar da ban yi ba jiya."

"Na ji ki."

"To don mi ba ka ce ba?"

Ya ajiye kofin ruwan. "Ban san mi nika cewa bayan nan ba."

Ta durƙushe nan bakin ƙofa tana kuka, irin wanda ta kwana tara tana haɗiyewa. Ya miƙa hannu ya dafa kanta, ya bar shi a nan har ta lafa. Sannan ya tambayi yadda abin ya faru. Bilyaminu ya ce da safe ne, innarsu tana tsakiyar suya ta ce kanta na juyawa, ta zauna, ba ta sake magana ba. An kai ta asibiti, kafin azahar rai ya yi halinsa. Ya tambayi wa ya yi mata salla, aka gaya masa. Ya tambaya ko mutanen Sanyinna sun samu zuwa, aka ce sun cika gidan. Ya ce madalla.

Da yamma Na'iya ya kai shi maƙabarta. Sababbin kaburbura uku ne a jere, sai da Na'iya ya yi ɗan tunani kafin ya nuna na tsakiya. Rufa'i ya tsuguna, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya cire wata ƙaya da iska ta kawo kan ƙasar. Na'iya ya matsa nesa ya ba shi baya don ya samu sarari. Bayan ɗan lokaci ya ji takunsa a bayansa.

"Har ka ƙare?"

"Na ƙare."

Mutane sun yi ta zuwa gaisuwa har mako biyu. Malami na Dogon Daji ya zo ya kasa haɗa ido da shi, ya ce shi bai san an hana faɗa ba. Rufa'i ya ce ba komai, ya tambaye shi lafiyar gona. A gari ana yaba haƙurinsa, har liman ya ambata a wani wa'azi ba tare da kama suna ba. Da Bilyaminu ya ba shi labari sai ya ce shi bai ga haƙurin da ya yi ba.

Yanzu daga gidan Ruwaida ake kawo masa abinci, safe da yamma. Yana fita kasuwa ranar Litinin, sauran kwanaki yana zaure da rediyo. Ɗakin Nasiha a kulle yake, mabuɗin na hannun ƙanwarta a Sanyinna, ya ce duk ranar da suka shirya su zo su raba kayan, shi ba ya bukatar a jira shi. Manoman Jabo sun aiko suna tambaya ko zai yi Gana bana. Ya ce a gaya musu su fara cire albasar, zai zo ya duba.