Falwayar da Ba Ta Amsawa

"To ni me zan ce miki, 'yata? Na buga, ba ta amsa ba."

"Baba, ba za ta taɓa amsawa ba, hoto ce fa." Malamar horo ta karɓi tabarau daga hannunsa, ta shiga goge gumin da ya bari a jiki. "Minti takwas aka ba ka ka hau, ka haɗa waya, ka sauko. Ka cinye shida kana dukan iska."

"Hoto ko ba hoto ba, ƙafata ce ta ƙi ɗaguwa."

"To ka lallashe ta. Wannan na biyu ke nan, saura ɗaya. Ranar Alhamis."

Wanda ake wa wannan magana shi ne dattijon da duk ma'aikatan kamfanin wuta ke kira Guduma. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye gemunsa, tafin hannunsa kuwa kamar bayan tsohon takalmi. Shekara ashirin da bakwai yana hawa falwaya. A bana kamfani ya zo da sabon tsari, ya ce duk mai hawa sai ya sabunta takardar shaidarsa, kuma ba a fili za a yi jarrabawar ba. A wani ɗaki ne mai sanyi a bayan ofis, babu komai cikinsa sai tebur ɗaya da kwamfuta da wani zane mai kusurwa huɗu da aka yi a ƙasa da farin fenti. Mutum ya tsaya a tsakiyar zanen, a ɗaura masa wani ƙaton tabarau mai rufe rabin fuska, wanda ma'aikata suka raɗa wa suna takunkumi. Yana sawa sai ɗakin ya ɓace, ya tsinci kansa a bakin titi, ga falwaya tsaye a gabansa, ga wayoyi a sama. A ba shi 'yan sanduna biyu na roba masu maɓalli, su ne hannayensa a can ciki.

Sau uku ake ba mutum dama. Wanda ya faɗi duka ukun sai a sauke shi ƙasa, a ba shi kujera a sito, yana miƙa wa mutane safar hannu da kusoshi ta taga. Guduma saura shekara uku ya ajiye aiki, kuma ya fi son komai da ya ƙarasa su a bayan wannan tagar.

Ba wai ya raina na'urar ba ne. Darussan ƙasa duk ya wuce su, har akwai ɗaya da ya tsaya masa a rai. An nuna masa waya ta tsinke ta faɗo kan titi, an ce an kashe layin tun daga taransifoma. Ya miƙa hannu kamar yadda ya saba, sai gabansa ya yi jajir, wata ƙara ta cika masa kunne. Malamar ta ce, "Baba, Allah ya jiƙanka." Sannan ta juya masa hoton, ta nuna masa wani gida can ƙarshen layi mai farantan sola a kan rufi, wanda aka haɗa ba daidai ba, wutarsa na komowa cikin wayar da kowa ya ɗauka matacciya ce. A zamanin da Guduma ya koyi aiki babu irin wannan. Ya roƙe ta ta maimaita masa darasin, ta maimaita har sau uku, ya fita yana jinjina kai. Hawan ne kawai ya gagara.

Asalin wannan ɗabi'a ta buga falwaya kafin hawa daga maigidansa ne, wani tsohon ma'aikaci da ya ɗauke shi aiki yana saurayi, lokacin da bai san komai ba sai dakon tsani. Wannan tsoho bai bar shi ya taka falwaya ba sai da ya yi wata shida yana bin su ɗaya bayan ɗaya da 'yar guduma. Ya buga a gindi, ya buga daidai gwiwa, ya buga daidai ƙirji, ya kasa kunne. Itace mai lafiya yakan amsa da murya tsaf, guduma ta yi tsalle ta dawo hannu. Wanda gara ta ci daga ciki ko ruwa ya ruɓar, sai ya amsa a dishe kamar mai mura, ko da daga waje ya fi kowanne kyau. Tsohon yakan tsaya bayansa ya ce, "Me ta ce maka?" In ya ba da amsa ba daidai ba, a koma farkon layi.

Sau ɗaya tak ya taɓa tsallake bugun, a shekararsa ta huɗu. Ana yayyafi, mutanen unguwa sun taru suna ta mita, shi kuma yana jin kansa gwani. Ya haye. Yana kaiwa sama ya ji falwayar ta fara tafiya da shi, a hankali, kamar mai neman wurin kwanciya, har ta sauke shi a kan rufin kejin kajin wata mata. Kaji suka watse, ƙashin kafaɗarsa ya karye, matar kuwa ta tsaya kansa tana tambayar wa zai gyara mata keji. Har yau in ya ba da labarin sai ya yi dariya har da hawaye. Amma tun daga ranar jikinsa ya yi wa kansa doka. In kunne bai ji ba, ƙafa ba ta tashi. Ba taurin kai ba ne, shi ma ya sha yi mata magana.

Da yamma ya koma gida ya tarar da matarsa a ƙofar ɗaki tana ninke wanki. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"An sake, Malam?"

"An sake."

"Sannu. Ni dai ban ga abin baƙin ciki a kujera ba. Shekara nawa ina jin iska ta taso gabana ya faɗi? Ka zauna ka huta, ka yi tumbi kamar sa'o'inka."

"Ki ce dai addu'arki ce ke bi na."

"Wace addu'a? Halinka ne ke bin ka. Mutumin da ba ya zama kan kujerar baƙi sai ya ƙwanƙwasa ta. Rannan a kasuwa ka bi kankanar bawan Allah ɗaya bayan ɗaya kana bugu, har ya ce ko ka ɓatar da wani abu ne a ciki. Ni ban ma sani ba ko sai da ka ƙwanƙwasa ni kafin ka aure ni."

"Ke ai ba a buga ki ba ma kina amsawa."

Ta jefe shi da tawul. Ya cafe, ya zauna a kan dakali yana murza shi a hannu. Da ta ga dariyar tasa ba ta kai ido ba, sai ta sassauta murya.

"Da gaske ba ka son siton nan?"

"In na zauna a can, wata uku ba zan yi ba zan tsufa."

Ta ɗauki wata riga ta girgiza. "To tun da falwayar tasu ba ta magana, sai ka tafi musu da taka mana." Ta faɗa ne don tsokana, ta kwashi kayanta ta shige ciki. Shi kuwa ya daɗe zaune da tawul a hannu.

Washegari da hantsi ya leƙa ɗakin horo ya ce, "'Yata, ki ara mini minti goma." Ya kai ta filin da ke bayan sito, inda ake jibge tsofaffin falwayoyi cikin ciyawa. Ya zaro gudumarsa daga bel, 'yar ƙarama mai ƙotar da hannu ya goge har tana sheƙi. Ya nuna mata itace biyu.

"Wanne za ki hau?"

Ta duba. Ɗaya ya yi baƙi, duk tsaguwa a jikinsa. Ɗayan sumul. Ta nuna sumul ɗin.

Ya miƙa mata guduma. Ta buga baƙin, ya amsa tsaf, har ta ji shi a gwiwar hannunta. Ta buga sumul ɗin, ya ce fuf. Guduma ya sa tsinin sukundireba a gindinsa ya danna kaɗan, ƙarfen ya nutse har ƙota, wani gari mai kama da dusa ya zubo.

Malamar ta tsuguna tana kallon garin. Shekararta biyu tana koyar da masu hawa, ta san kowace doka da lambarta, amma ba ta taɓa riƙe guduma a gaban falwaya ba. Ta sake buga su duka biyun, ita kaɗai, tana karkatar da kai.

"A manhajar an ce a duba falwaya da ido," ta ce. "Ka kalle ta daƙiƙa uku, ta yi kore, ka wuce."

"Na gani. Na kalla, ta yi koren. Ƙafata ba ta jin kore."

"Baba, ni ba ni da ikon canza abin da ke ciki. Lokacin ma ba zan iya ƙara maka ko daƙiƙa ɗaya ba, kai tsaye yake tafiya ofis."

"Ban ce ki ƙara ba. Guntun wannan baƙin nake so a yanka mini, daidai ƙirjina. In shigo da shi."

Ta dube shi, ta dubi itacen, sai dariya ta kubce mata. "Bari in tambayi oga. In ya kore ni daga aiki, gidanka zan tare."

Oga ya buɗe takardar ƙa'idoji ya karanta daga sama har ƙasa, ya ce shi bai ga inda aka hana itace ba, muddin ba za a bar shi cikin zane mutum ya yi tuntuɓe ba.

Ranar Alhamis da safe Dogo, direban motar aikinsu, ya shigo rungume da gungumen yana nishi. "Shekara goma sha ɗaya ina kai ka wurin falwaya, yau kuma ni ke kawo maka ita har ɗaki. Gobe sai ka ce in hau maka."

"Da ka iya ai da ba ka ƙare a sitiyari ba. Ajiye nan."

Malamar ta duba allon kwamfuta, ta nuna wa Dogo daidai inda falwayar hoton take, aka tsayar da gungumen a wurin, Dogo ya tallafe shi ta baya. Ta ɗaura wa Guduma takunkumi, ta rataya masa sandunan roba a wuyan hannu, ta danƙa masa gudumarsa.

"Ka shirya, Baba?"

"Bismillah."

Ɗaki ya ɓace. Ga titi, ga falwaya, ga lambobin agogo suna sauka a gefen idonsa. Ya miƙa hannun hagu, yatsunsa suka sami itace mai kaushi daidai inda ido ya ce yana nan. Ya duƙa ya buga a gindi. Tsaf. Ya buga daidai gwiwa, ya buga daidai ƙirji. Muryar ta bi ta ƙota ta shiga kafaɗarsa. Ya san sarai cewa itacen da ya buga daban, wanda zai hau daban. Kansa ya sani. Ƙafar ce dai ba ta tsaya tambaya ba, ya ji ta ɗagu da kanta.

Ya miƙa gudumar cikin iska wani ya karɓe, ya ji Dogo na jan gungumen waje yana gunaguni. Ya kama sandunan roba, ya zagaya bel, ya fara hawa. Daga waje abin dariya ne, dattijo tsaye a wuri ɗaya yana cafkar iska hannu bayan hannu, Dogo har da toshe baki. Daga ciki kuwa rufin gidaje ne ke sauka ƙasa da shi, kamar yadda suka saba. Da ya kai sama aka rubuta masa cewa an kashe layi. Bai kai hannu ba. Ya juya kai ya bi wayar da ido har ƙarshe, ya hango farantan sola a kan wani rufi, ya ciro testa, abin gwada wuta, ya ɗora. Ta yi ja. Ya yi abin da darasin ya koya masa, ya sa aka raba gidan da layin, ya jira wutar ta mutu, sannan ya haɗa wayarsa ya ɗaure, ya sauko taki ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Da aka cire masa tabarau haske ya kashe masa ido, ya tsaya yana ƙifce-ƙifce. Malamar ta juyo masa da allon. Saura daƙiƙa goma sha tara, kuma ga sunansa da kore a gefe.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali. Ya nemi kujera ya zauna.

"Zan rubuta wa masu manhajar," in ji Malamar. "In ce su sa bugun nan a ciki, da murya biyu, mai lafiya da ruɓaɓɓe. Ban san ko za su saurare ni ba."

"In sun yarda ki ce su zo da abin ɗaukar murya. Muryoyin ba biyu ba ne, sun kai biyar. Akwai wadda ruwa ya ci, akwai ta gara, akwai wadda ta tsage daga ciki..."

Wayar Dogo ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce to, to, ya kashe. "Reshe ya faɗo kan layi a bayan makarantar 'yan mata. Sun ce tun safe ba su da ruwa, injin jan ruwa ya tsaya. Tashi, mai sabuwar takarda."

Guduma ya miƙe, ya ɗauki hular kwanonsa daga kan tebur. Robar tabarau ta bar masa jan zobe kewaye da idanu, Dogo ya nuna shi da yatsa ya ce wallahi in 'yan makaranta suka gan shi haka sai sun gudu. Bai kula shi ba. Ya ce wa Malamar ta gaida gida, ya kifa hular a kai, ya bi ta farfajiya zuwa inda motar take tsaye da tsani a bayanta.