Mai Kemis ɗin da Ya Hana Ni Kafso

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, ina cikin aji aka zo aka gaya mini cewa Malam Khalilu mai kemis ya rasu bayan doguwar jinya. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a ƙauyenmu da ke ƙasar Bagwai.

Malam, shekara ashirin da biyu kana sayar da magani a garin nan, amma an fi saninka da hanawa. Manomi zai dawo daga huɗa ya ce a haɗa masa maganin gajiya, ka ce ya je ya ci tuwo ya kwanta. Har tsokanarka muke yi, wai ba mu taɓa ganin ɗan kasuwa mai korar ciniki irinka ba.

Ni ma ka hana ni. 'Yata Muhsina tana shekara sha tara ta fara gudawa da jini, ta rame kamar ba a gidan abinci take ba. A wurinmu duk jinin da ya biyo bayan gida basir ne, kuma ba a faɗarsa da ƙarfi. Muka yi ta jiƙe-jiƙe, ina ƙara mata da kafso da ƙwayar ciwon jiki, yadda na saba ba ta tun tana ƙarama. Da na zo saye karo na huɗu sai ka mayar da gwangwanin kafson ma'ajiyarsa.

Ka ce, "Malam Iliyasu, wannan ba basir ba ne. Kai ta Kano a duba hanjinta."

Na ji haushi ƙwarai. Ni malamin makaranta ne, ga taurin kai. Na koma saye wurin masu talla ranar kasuwa, na yi damina guda ba na gaishe ka, yarinya kuwa kullum baya take yi.

Wata Juma'a bayan an sauko ka same ni a zaure cikin mutane. Dattijo da furfura, ka buɗe baki ka ce kai ma shekara da shekaru kana zubar da jini, kumburin hanji ne, ba a rabuwa da shi sai dai a lallaba. Kowa ya sunkuyar da kai don kunya, kai kuwa ko gezau. Ka ce likitoci ba su gama gano sanadinsa ba, amma sun yi maka kashedi da tabar da ka sha zamanin da kake birni, da yawan kafso ba dalili, da ƙwayar ciwon jiki mai tayar da shi, da abincin leda da lemon kwalba da muka mayar abin burgewa muka bar zogale da rama.

"Na tona wa kaina asiri don 'yarka," in ji ka. "Saura kai."

Washegari muka tafi Kano da ita. A asibiti aka duba ta da na'ura, aka samu abin da ka faɗa. Likita ya ce mun kusa makara.

Na tabbata ba ita kaɗai ka ceta ba, don tun ranar mutanen garin nan suka fara faɗar ciwonsu da sunansa. Abin da ke cin raina shi ne, na dawo na ci gaba da gaishe ka kamar ba a yi komai ba, ban taɓa cewa ka yafe mini ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa jinyarka ta zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Inna Rahmatu da 'ya'yanku, Kamaruddeen da Tahira, Allah ya ba ku haƙuri. Ku kuma yafe mini a madadinsa. Jiya Muhsina ta zo muku gaisuwa da ƙafarta, goye da ɗanta na fari.