Shekara Tara da Bencin Nomau Mai Walda

Daminar bana ta cika shekara tara da rasuwar Nomau mai walda, taubashina, wanda muka tashi tare a Jega. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi kwana shida, ya tafi. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ce ƙarfen da yake ɗagawa ne ya kashe shi. Ƙarfe bai taɓa yi masa komai ba. Ni ya yi wa.

Karatuna aji uku ne, rabinsa ma a bakin gulbi na yi shi, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Aikina dako ne. Na fi shekara ashirin ina loda buhunan albasa a Aliero, har bayana ya koyi ruku'u ba da niyya ba.

Nomau ne ya haɗa mana bencin ɗaga ƙarfe a bayan shagonsa. Katako ne mai kauri, ya tokare wajen kai da bulo biyu, mutum ya kwanta a jingine, ba a miƙe ba. Sandar tsohon ƙarfen mota ce, da gwangwanin siminti a kowane gefe. Ya ce mu 'yan dako sama muke tura kaya, saboda haka saman ƙirji ne ke son ƙarfi. Bulo biyu kawai. In ka ƙara, ya ce ka bar aikin ƙirji ka koma cin zalin kafaɗa.

Dokokinsa har matarsa ta haddace su daga cikin gida. Ka dasa ƙafafu a ƙasa. Ka matse bayan kafaɗunka jikin katako, kada ƙugu ya tashi. Hannuwa su ɗan fi faɗin kafaɗa, wuyan hannu a tsaye, gwiwar hannu kada ta baje kamar fiffiken angulu. Ka sauko da ƙarfe a hankali zuwa ƙasan ƙashin wuya, sannan ka tura. Amma babbar dokarsa ita ce babban yatsa ya zagaye sanda.

Nan muka saɓa. Kunnen buhu da yatsu huɗu ake kama shi, babban yatsa yana kwance a gefe, don ka saki da sauri in kaya ya hau mota. Hannun ɗan dako hannun saki ne.

"Altine, ruhe hannunka," in ji shi. "Wanga ba buhu na ba. In ya kucce, ba ƙasa za shi ba, bakinka za shi."

Ni kuwa in yana kallo in rufe, in ya juya in buɗe. Na sa masa suna Malam Babban Yatsa, sunan ya bi shi har kasuwa.

Wata Juma'a bayan la'asar, muna mu biyu, na ce zan ɗaga abin da wani ƙato daga Maiyama ya kasa. Tafina ya yi gumi, sandar ta mirgino. Nomau yana tsaye a kaina, kamar yadda yake yi wa kowa, ya cafke ta. Da ba don shi ba a maƙogwaro za ta sauka. Haƙora uku kawai ta ɗauka. Bai yi mini faɗa ba. Ya tsince su a ƙasa, ya goge a rigarsa, ya ce in ajiye, wata rana zan yi wa wani karatu da su. Ni kuma na shiga gari na ce jaki ne ya harbe ni a Fagada. Shekara talatin ana yi wa jakin nan Allah-ya-isa. Nomau bai taɓa tona ni ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yau bencin yana gidan Bello, babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya uku. Shi da abokansa suna ɗagawa a kan bulo huɗu, hannu a buɗe, wai haka suka ga ana yi a waya. Nakan tambayi kaina me Nomau zai ce. Wayar ba za ta dame shi ba, mutum ne mai son sabon abu. Abin da zai hana shi zama shi ne babu kowa a kan mai ɗagawa, domin wanda ya kamata ya tsaya can shi ne ke riƙe da wayar yana ɗaukar hoto.

Sau biyu na yi magana, suka kwashe da dariya, wai Baba Altine ya fara. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana ba gari dariya, ranar da ya zo da gaskiya ita ma dariya za a yi mata. Na gaji, na ja bakina. Gwiwoyina ma ba su son hanyar gidan.

Makon jiya na daure na je, sai na ga sandar ta motsa a tafin Bello, kaɗan, daidai yadda ta yi mini. Na koma gida na ɗauko tsohuwar battata, na juye masa haƙoran nan uku a hannu, a gaban abokansa.

"Baba, ba jaki na ya harbe ka ba?" in ji Bello.

"Ni ne jakin," na ce, na ba su labarin yadda yake.

Ba wanda ya yi dariya, karo na farko a rayuwata. Bello ya daɗe yana kallon tafinsa. Sai ya tashi ya zare bulo biyu, ya kwanta, ya zagaye sanda da babban yatsa.

"Baba, tsaya mani bisa kai."

Hannuwana yanzu ko buta da ƙyar suke ɗauka, in sandar ta faɗo ba abin da zan iya. Na kira wanda ke riƙe da waya, na ce ya ajiye ta ya tsaya kusa da ni.

Ƙofofin da Nomau ya yi wa walda sun yi tsatsa, shagonsa ya zama wurin cajin waya, masu kiransa Malam Babban Yatsa saura mu biyu ko uku. In an ce in lissafa abin da ya bari, ba zan cika yatsun hannu ba. Yatsa ɗaya ne, amma na gan shi a hannun ɗansa, a rufe. Allah Ya jiƙanka, Nomau. Na yi karatun da ka ce, jakin Fagada kuma ya huta.