Bikon Malamin Gona

Mu goma sha ɗaya muka fara aikin, a rumfar wani mai shayi kusa da ofishinmu a Birnin Kebbi, kowa yana rantsuwa sai inda ƙarfinsa ya ƙare. Ƙarfin kuwa bai yi nisa ba. Manhajar waya muke ginawa, wadda za ta riƙa gaya wa manomin fadama lokacin zuba iri, da lokacin dashe, da yadda ake ajiye albasa kada ta ruɓe. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake a intanet. Duk mai so ya ɗauka, ya gyara, ya aiko, ni kuma in duba in haɗa. Ba mai biyan kowa. An ba ni aikin dubawa ne don kwamfutata ce kaɗai ba ta mutuwa in an ɗauke wuta, amma na daɗe ina zaton don basirata ce.

Kafin shekara ta zagayo mun watse. Wani ya yi aure, wani aka yi masa canjin wurin aiki, wani kuma har yau in mun haɗu a kasuwa sai ya ce yana nan tafe. Muka rage mu uku. Akwai ni. Akwai wani mai shagon waya, mutumin kudu da ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Aikinsa shi ne ya sa manhajar a kowace irin waya da ke shagonsa, ya gaya mini inda take cijewa. Na ukunmu kuma wani dattijo ne a Argungu, malamin gona da ya yi ritaya, ya koyi kwamfuta da furfurarsa, yana bugawa da yatsa biyu. Duk abin da manhajar ta sani game da noma daga kansa ya fito. Ni shinkafa a kwano kawai na san ta.

Malam ba ya aiko gyara haka kawai. Sai ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki da gajiya, ya ba ni labarin inda ruwan gulbi ya kai, sannan ya ce bayan haka, ya kawo gyaran da bai wuce layi biyu ba. Ni kuma a lokacin na ga yadda mutanen ƙasashen waje ke yi a irin wannan aiki, kalma uku sun gama magana, na ɗauka wannan ita ce ƙwarewa. Gaisuwar Malam ta fara gundurata. Sai na yi dabara, na shirya wani saƙo da zai riƙa fita da kansa duk lokacin da wani ya aiko aiki, yana cewa an gode da gudummawarka. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, har na sayi tsire.

Mako biyu bayan haka Malam ya aiko rabin bayanin ajiyar albasa, da gaisuwarsa cif. Saƙon godiya ya fita nan take. Da na duba sai na ga ya manta wata 'yar alama, shafin ya ƙi buɗewa. Na rubuta masa: “Layi na tara. Gyara.”

Malam bai sake aiko komai ba. Mako ya wuce, wata ya wuce. Na sa alamar da kaina, amma bayanin ya tsaya a rabi. Manhajar tana gaya wa manomi ya kafa rumfar ajiya inda iska ke ratsawa, daga nan sai ta yi tsit. Wani manomi daga Augie ya samu lambata ya kira, ya ce ya kafa rumfar, yanzu sai me? Na ce masa ana kan aiki. Gaskiyar magana tsoro ya kama ni. In Malam ya tafi, abin da ya rage shi ne ni da wata manhaja mai kyaun launi wadda ba ta san komai ba.

Na je shagon mai waya ina ƙorafi cewa mutanenmu ba su da juriyar aikin sa kai. Ya karɓi wayata, ya karanta duk abin da ya shiga tsakanina da Malam, yana girgiza kai kamar an kawo masa wayar da ta faɗa ruwa. Ya ce shi da ya zo garin nan da jaka ɗaya, kafin ya koyi ƙirga ya koyi gaisuwa, kuma ko almakashi zai ara a shagon maƙwabci sai ya tambayi lafiyar yara. Ya ce dattijo ya gaishe ni layi goma na amsa masa kamar ɗan sanda a shingen hanya. Na ce ai akwai saƙon godiya. Ya dube ni ya ce wannan ya fi muni, in tashi in tafi biko. Na so in yi fushi, a ce baƙo ne zai koya mini gaisuwa a garinmu, amma ban samu inda zan kama ba.

Ranar Asabar na sayi goro na shiga mota zuwa Argungu, sanye da wandon ofis da takalmi sau ciki, na haddace jawabin ban haƙuri. A gida aka ce Malam yana fadama, yau ake masa gayyar dashen shinkafar rani. Na hau babur na bi shi.

Ya tarbe ni da fara'a, ya gaishe ni tun daga gida har gajiyar hanya, bai ce uffan a kan manhaja ba. Ina buɗe baki zan fara jawabi sai ya miƙo mini damin irin shinkafa, ya nuna mini wuri a cikin sahun mutane. Na cire takalmi na shiga taɓo. Kowa yana dasawa yana ja da baya a miƙe, ni kuwa sahuna ya tashi daga gabas ya nufi inda Allah ya so. Wani irin na binne shi har wuya, wani yana iyo. Ba wanda ya ce mini komai. Mai kalangun da aka ɗauko ma har ya yi mini kirari, ɗan Birni mai kwamfuta, na ji ƙarfi ya zo mini na ƙara ɓata wani sahun. Duk lokacin da Malam ya gifta sai ya ce sannu da aiki.

Da azahar aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, muka zauna a gindin bishiya. Ina cikin loma na ɗaga kai na hango Malam shi kaɗai a cikin gona, a duƙe, yana cire abin da na dasa ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa daidai. Ya juya mana baya don kada in gani. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da ya fito na tare shi a bakin gona. Jawabin ya gudu, na ce kawai ya yi haƙuri da maganar layi na tara. Ya wanke hannu a hankali sannan ya ce:

“Ba gyaran ad da ciwo ba, ɗana. Kowa na kuskure. Godiyar ta. Kwana ukku ni yi ina rubutun ga, ban ko ɗauke yatsa ba sai ga godiya ta zaka. Yaushe kak karanta?”

Na ba shi goron, ya karɓa ya sa albarka, ya raka ni har bakin hanya, bai yi mini alkawarin komai ba. A cikin mota, da taɓo har gwiwa, fasinjoji suna matsawa nesa da ni, na kashe saƙon nan mai fita da kansa.

Ranar Talata ina ofis sai ga sauran bayanin albasa ya shigo, cikakke, babu alamar da ta ɓace. Gaisuwa tana sama kamar kullum, gida, iyali, aiki, har da tambayar ko wandon ya fita. A can ƙasa ya rubuta: “Bayan haka, sahu na ukku wajen rijiya ban taɓa shi ba. Naka na. Taho ka gyara.”

Na yi dariya har abokin ofishina ya leƙo, sannan na ji idona ya cika. Na karanta bayanin albasar sau biyu kafin in amsa, kuma amsar ta ɗauke ni kusan rabin awa, don daga kan iyali na fara. Ranar Asabar na sa tsohon wando na koma Argungu.