Gayyar Kachalla

Modu Kachalla manomin shinkafa ne a wani ƙauye kusa da Guri. Kachalla sunan gado ne daga kakansa, wanda ya taso daga wajen Tafkin Chadi, kuma shekara hamsin bai dame shi ba, sai da ciyawar nan kachala ta cika fadama. Ta fi mutum tsayi, tana toshe hanyar ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ta kuma ba tsuntsayen jan-baki masauki kyauta. Tun daga nan duk wanda ya tsine wa kachala a kasuwa sai ya waiwaya ya ce, "Ba da kai nake ba, Baba Modu."

Gonar da ke ba shi buhu talatin ta koma shida, daga baya ciyawar ta karɓe ta ɗungum. Ya yanke shawara in bana bai yi dashe ba, zai tafi Haɗejiya gadin shago.

Ana nan sai mai gari ya sa aka yi shela: ranar Asabar akwai gayyar kachala, kowa ya fito da lauje. Babbar hanyar ruwa yake nufi. Amma mutanen ƙauyen ƙetare a bakin ɗan acaɓa suka ji, kuma a saninsu sunan mai gona gayya take ɗauka. Ranar Asabar da hantsi Modu ya tarar da mutum arba'in a gonarsa, ruwa iya gwiwa, suna yanke ciyawar ta ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe.

"Kachalla, ka tara mu kai ka makara?" in ji Shu'ibu, babbansu.

Modu mutum ne mai gaskiya. Ya dubi rabin gonar da aka riga aka share, ya buɗe baki.

"Sannunku da aiki," ya ce.

Mai gayya shi ke ciyarwa, don haka ya ruga gida wajen matarsa.

"Ummussalma, ɗora tukunyar suna."

"Malam, wa ya haihu?"

"Kama min akuyar nan tukuna."

Da la'asar mai gari ya iso, laka har wuya. Shi da mutum tara suka yini a babbar hanyar.

"Modu, gayyar wa aka yi yau?"

"Ranka ya daɗe, ciyawar da ka ce a yanka ita aka yanka. Ga nama."

Mai gari ya wanke hannu, ya jawo kwanon. Ranar Laraba Modu ya fara dashe.