Indararon Tagar Inna

A unguwar Nakkasa ta Makka na yi shekarun farko na aurena, can saman dutse, a ɗakin katako da maigidana ya kafa a kan rufin wani bene. Kafinta ne. Taga ɗaya ce ke kallon Harami, a gindinta kuma gadon mahaifiyarsa yake. Inna ta daɗe da rasa idonta, amma ko da wasa ba a matsar mata da gadon nan.

Ruwan Makka ba ya sallama. Sai a shekara ba a ga ɗigo ba, rana ɗaya gari ya rufe, ƙamshin dutse mai zafi ya taso, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Yakan bi jikin katako ya gangaro, ya shigo ta bakin tagar ya jiƙa katifar Inna sharkaf. Ni ke shanya, ni ke mita. Ita kuwa tana zaune cikin lema tana shafa fuska, wai ruwan Harami ne ya zo gaishe ta har gado, tunda ƙafa ta daina kai ta.

Sai tari ya kama ta, har muka kwanta a asibiti. Likita ya ce ƙirjin nan ba zai ƙara ɗaukar sanyi ba.

Maigida ya sayo kwanon rufi a unguwar Kudai. Inna na jin ƙarar almakashi ta ce, "Kai wannan, me kake yanka?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Inna, tagar zan gyara, ta daina yoyo."

"Wa ya ce maka ta lalace?"

Ya yi tsaye da almakashi a hannu. Mutum ne da bai taɓa musu da ita ba. Ni kam na ja shi gefe na ce in bai gyara ba, wallahi da siminti zan liƙe ta, kowa ya huta. Tsoro nake ji. Ina son tsohuwar nan, ban shirya rabuwa da ita ba.

Ya yini yana aiki. Ya ɓamɓare katakon saman tagar, ya cusa kwano a ƙarƙashinsa, don ruwan da ya gangaro ya hau kai ya wuce. Ya shimfiɗa wani a gindin tagar, ya karkatar da shi waje, ya naɗe gefensa sama. Na sama kullum yana rufe na ƙasa. A kusurwar da ke daidai kan Inna sai ya lanƙwasa bakin kwanon ya zama ɗan indararo. Ya kama hannunta ya fitar ta tagar, ya ɗora a kai.

"Inna, nan zai riƙa zubowa. Hannu kawai za ki miƙa."



Daga nan sama ta ƙi. Watanni suka yi ta wucewa. Tattabaru suka mai da kwanon wurin hira. Da la'asar yakan jefo wani haske a jikin silin yana rawa, in zauna ina kallo har in manta da tukunya. Inna na ta ramewa. Wani lokaci in ga ta miƙa hannu tana shafa busasshen indararon, ta janye.

Wata ranar hunturu bayan azahar hadari ya haɗo ta wajen Mina. Ruwa na saukowa maigida ya fita, ya tsaya ta waje yana bin kwanon da ido ko zai ga inda ya kuskure. Na shafa katifa, a bushe take ƙamas. Inna ta ɗaga hannu, hannun ya ƙi kaiwa. Sai ya zuro nasa ta tagar, ya tallabo nata ya riƙe a ƙarƙashin indararon. Ruwa ya cika tafinta yana malala. Ta daɗe a haka, leɓenta na motsi.

Can yatsunta suka taɓa hannun rigarsa, ta ji ya jiƙe jagab. Mutumin da furfura ta fara cin gemunsa.

Ta ce, "Kai wannan, shigo ciki. Sanyi zai kama ka."