Miyar Lalon da Ta Kayar da Ni a Birmingham

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Withington a Manchester, ko azkar ban ƙarasa a kan darduma ba, a mota na ida. Mu uku ne: maigida a sitiyari, ni a gefensa, sai maƙwabciyata Bafalasɗiniya a baya, ta ƙudundune cikin rigar sanyi. Yara mun bar su wajen ƙanwar maigida. Ku da kuke ta tambayata ina na shiga ranar Asabar, to ga labarin, kuma tun yanzu ina faɗa muku ban fito da kyau a cikinsa ba.

Maƙwabciyar nan a saman benenmu take, tana digiri na uku a fannin haɗa magunguna. Yaƙin Gaza ya ci yayanta da iyalinsa, mahaifiyarta kuma tana cikin tanti a kudancin zirin. Tun daga nan abinci ya daina wuce mata. Ta ce ta yaya za ta haɗiye loma alhali uwarta na can tana neman garin da za ta kwaɓa. Likita ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta jira a kira ta wajen masu ba da shawara, shiru kake ji. A makon da Turawa ke wasan wuta mai ƙara kamar bam, a banɗaki na same ta ta toshe kunnuwa tana rawar jiki. Bayan kwanaki ta yanke jiki ta faɗi a matakala. Yarinya tana ƙarewa a gaban idona.

Ni kuwa ba yabon kai ba, Hausawan Manchester sun san hannuna. Suna ko walima, ni ake kira. Babu abin da ban dafa mata ba: dambun shinkafa, masa da miyar taushe, farfesun kaza, alkubus. Kullum da magariba sai in cika kula in hau, in ajiye mata, in ce ta daure ta ci, sannan in sauko in ba ta wuri kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Da safe kula ta dawo a wanke. Sai daga baya na gano ɗaliban da ke ɗakin kusa da ita ne suke ta yin kumatu da girkina.

Wata mata a masallaci ce ta haɗa ta da wata tsohuwa a Birmingham, 'yar unguwarsu ta can Gaza. Tsohuwar ta aiko cewa a kawo mata ita da wuri, kafin a ɗora tukunya. Na ce to, amma a raina na ce mu je mu ga abin da tsohuwa za ta yi wanda ni ban yi ba.

Hanyar M6 ba ta da wani abin kallo da sassafe in ban da manyan motoci da yayyafi. Gyaran titi kuwa tun zuwanmu ƙasar nan ake yinsa, ban taɓa ganin mai gyaran ba, sai kyamarori da ke jiran ka taka mota su rubuta ka. Mun tsaya a wurin hutawa kusa da Stafford. Da na ga kuɗin shayi kofi ɗaya sai na koma mota na ɗauko filas ɗina mai citta da kanumfari. Na zuba mata, ta riƙe kofin tana ɗumama hannu har ya huce. Idonta na kan waya, tana jiran alamar nan ta biyu da ke nuna saƙo ya isa wayar mahaifiyarta. Har muka wuce Wolverhampton alamar ɗaya ce.

Shiga Birmingham sai mai haƙuri. Gadojin sama sun sarƙe da juna, su kansu masu garin taliya suke kiran wurin. Motarmu tsohuwa ce mai shan dizal, kuma tsakiyar gari ana cin irinta tara saboda hayaƙi.

"Ba zan biya council kuɗin iska ba," in ji maigida. "Gara mu yi round."

Zagayen da muka yi, man da ya ci ya fi tarar.

Balsall Heath, unguwar tsohuwar, ta burge ni. Gidaje ne na jan bulo a manne da juna, shagunan Yamanawa da Somaliyawa da 'yan Pakistan a jere, ƙamshin gurasa har cikin mota. Tumatir da albasa sun fi na wajenmu araha nesa ba kusa ba. Gidan tsohuwar siriri ne, mutum biyu ba sa jerawa a zaurensa. Surukinta ya ja maigida suka tafi wajen maza.

Tsohuwar gajera ce, da sanda take tafiya. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta kama fuskar maƙwabciyata da hannu biyu, ta faɗi wata gajeriyar magana, sai yarinya ta fashe da kuka mai sauti, ta durƙushe a jikinta. Wata da watanni ina hawa benen nan, ko hawaye ɗaya ba ta taɓa yi a gabana ba, kullum sai murmushi da godiya. 

A ciki akwai wasu mata, kowacce tana da 'yan uwa a can Gaza. Larabcin da na yi taƙama da shi tun Islamiyya ya tashi a banza, don nasu daban yake, sai dai in tsinci kalma ɗaya in rasa goma. Ɗiyar tsohuwar ce take ɗan fassara mini. Aka zaunar da ni a kujera aka ba ni shayi, wai ni baƙuwa ce. Ni da ban taɓa shiga kicin ɗin wata na zauna hannu rabbana ba. Ita kuwa maƙwabciyata tsohuwar ta dire mata tiren busasshen ganye ta ce ta tsince karan, har tana yi mata faɗa wai tana da nawa. Na miƙa hannu na ɗebi ganyen na shinshina. Jama'a, lalo ne. Lalon nan dai namu, su mulukiya suke ce masa.

Na zuba ido ina kallon yadda ake ɓata miya. Babu daddawa, babu kanwa, babu yajin kirki, sai uban tafarnuwa. Ba tuwo za a tuƙa ba, kan shinkafa za a zuba, a matsa lemon tsami. Da na ɗanɗana, gishiri ma bai ji ba. Wallahi da a gidana aka yi ta, da ba ta fito falo ba.

Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka ajiye babban tire ɗaya, kowa ta zauna gwiwa na gugar gwiwa. Maƙwabciyata ta naɗe hannu kamar yadda na zata. Na gyara zama ina jiran in ga irin lallashin da za a yi. Sai kawai tsohuwar ta ajiye nata cokalin. Sauran matan duk suka ajiye. 'Yarta ta raɗa mini cewa mahaifiyarta tana da ciwon suga, kuma ta riga ta yi allura, amma a gidan nan ba a ci sai kowa ya ci. Miya tana ta hucewa. Na ga hannun tsohuwar ya fara karkarwa a kan cinyarta. Maƙwabciyata ita ma ta gani, kuma karatun magani take yi, ta san sugan tsohuwar ne yake sauka. Ta ɗauki cokali.

Ana ci ana magana. Wata ta ce rabonta da barcin kirki tun bara. Wata ta ce takan daka wa 'ya'yanta tsawa ba dalili, sannan ta shiga banɗaki ta yi kuka. Wata ta ba da labarin likitar ƙwaƙwalwar da take gani, ba ta ko rage murya ba, ba kamar mu ba da za mu ce ai lafiya lau ko da muna ƙonewa. Babu wadda ta ce wa wata ta yi shiru. Daga nan gardama ta kaure kan uwar wa ta fi iya miyar, sai ga maƙwabciyata tana buga cinya tana kare tata uwar, bakinta cike da shinkafa. Ta ƙara, ta kuma ƙarawa.

Abin da na roƙi Allah ke nan wata da watanni, ga shi ya ba ni, amma kishi ne ya cika ni fal. Kishin miyar, kishin kukan, kishin dariyar da ban san abin da ya jawo ta ba. Har Khalti da take kiran tsohuwar, wato Inna, sai da na ji haushinsa.

Wajen wanke-wanke na danne girman kai na ce 'yar ta tambayar mini uwarta sirrin. Tsohuwar ta mayar mini da tambaya: idan na kai abincin, a ina nake zama?

"Ba na zama," na ce. "A wajenmu idan ka kai wa mutum abinci sai ka ba shi wuri, kada ya ji kunya."

Ta yi dariya har da tari, sannan fuskarta ta canja.

"'Yata, gidan su yarinyar nan a tire ɗaya suke ci tun tana goye. Kin ba ta tire, kin ja ƙofa, kin bar ta da guraben waɗanda babu."

Na so in kare kaina, in ce ai kara ce, tarbiyya ce, haka uwata ta koya mini. Duk gaskiya ne, amma ban ga amfanin faɗa ba, sai na ci gaba da cuɗa tukunya.

Bayan la'asar maƙwabciyata ta ja ni gefe ta ce ba za ta bi mu ba. Tsohuwar ta ba ta ɗaki, za ta yi mako biyu, wataƙila fiye. Ta rungume ni ta ce kada in yi fushi. Na ce fushin me, ai farin ciki nake yi. Ban san ko ta yarda ba.

A hanyar dawowa mun biya ta Handsworth, inda shagunan 'yan Afirka da 'yan Jamaika suke. Na sayi manja da kuɓewa da busasshen kifi, duk sun fi na Manchester sauƙi. Ban yi ciniki ba, wanda ya sa maigida ya gane ba lafiya.

"Hajiya, tun ɗazu kin yi quiet," ya ce. "Kishi da tsohuwa mai sanda?"

Na ce ya kula da hanya. Cunkoso ya riƙe mu kusa da Stoke, ruwa yana zuba, ni kuma ina ta juyawa in yi wa maƙwabciyata magana sai in tuna babu kowa a baya. Bayan isha muka iso Withington. Tagarta a sama duhu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya yi mini ɗaci. Wanda damuwa ta kama, ba kowane alheri ne yake shigarsa ba, kuma kunyar da muke ji don mutunta mutum tana iya barinsa shi kaɗai a lokacin da bai kamata ba. Idan kuna da irinta kusa da ku, Bafalasɗiniya ce ko 'yar garinku, ku zuba a kwano ɗaya ku zauna. Idan kuma akwai waɗanda ta fi sakewa da su, ku kai ta, ko da ranku ba ya so.

Jiya ɗiyar tsohuwar ta turo mini hoton maƙwabciyata, fuskar ta fara cikowa. Na rubuta Masha Allah, kuma har zuciyata na rubuta, duk da sai da na ɗan lallashe ta. Ina nan kan bakana, ko a gaban alƙali zan maimaita: miyata ta fi ta tsohuwar nan daɗi. Amma tata aka sha.